Gonar Da Ta Hau Rufi: Tarihin Noman Wiwi A Cikin Gidajen Turawa

Duk wanda ya taɓa duban gidajen mutanen arewacin Turai, ko da a hoto ne, zai lura da cewa rufinsu a tsaye yake da tsini, an karkata shi ta gefe biyu domin ruwan sama da dusar ƙanƙara su riƙa zamewa ƙasa, kada nauyinsu ya karya katako. Wannan karkatawa kuwa ita ta bar wani sarari tsakanin silin ɗin ɗakin sama da ainihin rufin, wanda a tsakiyarsa mutum yana iya miƙewa tsaye, amma a gefensa sai ya sunkuya. Ƙarni bayan ƙarni wannan sarari ba shi da wani aiki face ajiyar kaya da kwanan marasa galihu. A birnin Amsterdam, inda attajirai suka gina dogayen gidaje masu ƙunci a bakin hanyoyin ruwa tun ƙarni na 17, har gobe ana ganin gungumen katako da ƙugiya a goshin gida, waɗanda da su ake jawo buhunan haja zuwa can sama inda laima ba ta kaiwa. A London da Paris kuwa nan ne makwancin barori da kuyangi da matalautan ɗalibai, su sha zafi da rani, su sha sanyi da hunturu. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana a wannan wuri, da babu ƙasa babu rana babu ruwan sama, za a yi shuka har a girbe. Amma cikin shekaru hamsin ɗin nan da suka shige, dubban irin waɗannan ɗakuna a Holan da Ingila da Amurka sun zama gonakin tabar wiwi, kuma yadda aka yi haka ta faru labari ne da ya cancanci a bi shi sannu a hankali, domin ɓuyan nan da aka tilasta wa shukar bai bar ta yadda take ba: ya sauya ita kanta, ya sauya gidan da ta shiga, ya kuma sauya irin mutanen da ke wahala a kanta.

A asali wiwi tsiro ne na fili da hasken rana, daga tsakiyar Asiya ya fito, kuma Turawan da suka gabata ba don maye suka san shi ba, sun san shi ne kamar yadda muka san rama, watau abin da ake jiƙa karansa a saɓule bawon a tufka igiya. Jiragen ruwan wancan zamani da iska suke tafiya, kowane ɗaya yana cin igiyoyi da manyan zannuwa masu yawan gaske, har ya kai ga a shekarar 1533 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya kafa doka cewa duk manomin da ke da eka 60 ta noma lalle ne ya ware kwatan eka ya shuka wannan tsiro ko ɗan'uwansa da ake saƙa lilin da shi, in ya ƙi a ci shi tara. Ashe ke nan akwai lokacin da laifi a Ingila shi ne ƙin shukawa.

A ƙasashen Musulmi kuwa al'amarin ya ɗauki wata fuska tun da wuri, domin a can ne nau'in da ke bugarwa ya bayyana a fili da sunan hashisha. Masanin tsirrai Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ambaci cewa ya gan ta ana shuka ta a lambunan Masar, ya kuma siffanta yadda take juya hankalin mai cinta, har wasu ta kai su ga hauka. Maƙrizi, marubucin tarihin Alƙahira, ya kawo ruwayar da ke danganta gano ta ga wani shehin Khurasan mai suna Haidar, ya ambaci lambun Kafur da ya shahara da ita, sa'an nan ya ba da labarin wani amiri, Sudun Shaikhuni, wanda wajen shekarar 1378 ya sa aka tumɓuke ta daga wuraren da ake nomanta, aka kuma hukunta masu cinta da cire haƙora, amma duk da wannan tsanani ba a daɗe ba ta dawo ta fi da yawa. Fuƙaha'u sun yi bahasi mai zurfi a kanta, tun da yake ba a san ta ba a zamanin limaman mazhabobi huɗu. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye tare da nishaɗi, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke kwantar da mutum ya fita hayyacinsa, ya sanya hashisha a kashi na biyu, ya ce hukuncin mai cinta ta'aziri ne. Ibnu Taimiyya kuwa ya riƙe ta a matsayin giya sosai, ya wajabta haddi a kanta. Zarkashi ya keɓe mata littafi sukutum a kan haramcinta. Saɓaninsu a kan nau'in uƙuba ne da tsarkin ganyen, amma ba su yi jayayya ba a kan haramcin gusar da hankali da ita. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon waɗannan ƙarnuka, ko an hana ko an ƙyale, shukar tana waje, a lambu ko a gona, inda mai wucewa zai gan ta.

Hanin da ya game duniya daga baya ya zo. A taron Geneva na 1925 a kan sha'anin miyagun ƙwayoyi, wakilin Masar, Dakta Muhammad El Guindy, shi ya matsa lamba aka shigar da hashisha cikin yarjejeniyar. Ingila ta haramta ta daga 1928, Amurka ta ɗaure ta da dokar haraji ta 1937, sa'an nan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ɗora wa ƙasashe nauyin hana nomanta in ba don magani ko bincike ba. Duk da haka, sa'ad da samarin Turai da Amurka suka rungumi shanta a shekarun 1960, kusan duk abin da suke sha daga waje ake kawo shi: Amurkawa daga Meziko da Kolombiya, Turawa daga Maroko da Labanan da Afganistan da Pakistan.

Matakin farko na tafiyar shukar zuwa cikin gida daga kan iyakar Meziko ya fara. A watan Satumba na 1969 gwamnatin Shugaba Nixon ta tsananta binciken motoci a wannan iyaka har zirga-zirga ta kusa tsayawa na kimanin mako uku, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma aka shiga fesa wa gonakin Meziko maganin kashe ciyawa daga jiragen sama da taimakon Amurka, masu sha suka tsorata da ganyen da aka fesa wa guba. Kaya ya yi wuya, kuɗinsa ya tashi, buƙata kuwa ba ta ragu ba. Sai waɗansu samari da suka ƙaurace wa birane suka zauna a duwatsun arewacin Kalifoniya, a yankunan Humboldt da Mendocino da Trinity, suka fara noma nasu. Su ne suka yaɗa dabarar nan ta raba matan shukar da mazanta domin kada ta yi 'ya'ya, ƙarfinta duka ya taru a danƙon furenta, kuma su ne suka haɗa auren dogayen nau'o'in Meziko da Kolombiya da gajeren nau'in Afganistan mai saurin nuna, wanda matafiya suka ɗebo irinsa a aljihu. Da hukuma ta farga, sai jihar Kalifoniya ta kafa rundunar yaƙi da wannan noma a 1983, jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kan dazuzzuka da kaka suna neman koren da ya bambanta da na itatuwa. To, wanda ake hango gonarsa daga sama, ina zai kai ta in ba ƙarƙashin rufi ba? Gajeren irin nan na Afganistan, da manyan ƙwayayen lantarki masu rawayan haske irin na kan titi, su suka sa abin ya yiwu, domin shukar tana fure ne idan dare ya yi tsawo, wanda ke riƙe da makunnin fitila kuwa shi ke da ikon dare da rana a cikin ɗakinsa, ya girbe sau da yawa a shekara ba tare da jiran damina ko kaka ba. A watan Oktoba na 1989 hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta kai samame shagunan sayar da kayan noman cikin ɗaki a jihohi 46 a rana ɗaya, alamar cewa ta gane inda gonar ta koma.

Sai dai ba a Amurka wannan sana'a ta balaga ba, a Holan ne, kuma dalilin haka wani gurbi ne da dokar ƙasar ta bari a buɗe. A 1976 Holan ta gyara dokarta ta miyagun ƙwayoyi, ta raba wiwi da irin su hodar iblis da tabar ofiyom, ta ɗauki siyasar kau da kai ga shagunan shan kofi da ke sayar da ɗan kaɗan ga baligi. A ƙa'idar da aka tsaya a kai daga baya, mutum ɗaya giram 5, shago kada ya ajiye fiye da giram 500. An halatta wa shago, a aikace, ya sayar ta ƙofar gaba, amma ba a halatta wa kowa ya noma ko ya kawo masa ta ƙofar baya ba, su kansu mutanen ƙasar matsalar ƙofar baya suke kiran abin. Ga kasuwa a buɗe, ga kaya haramun ne kawo shi, ga kuma al'umma da ta fi kowa a Turai gwanintar noman furanni da tumatir a ɗakunan gilashi, kayan aikin duk suna nan a shago. A tsakiyar shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna David Watson ya iso Amsterdam da irin da ake kira Skunk, wani mutum kuma, Nevil Schoenmakers, ya kafa kasuwancin aika iri ta gidan waya zuwa ƙasashe. Kafin shekaru goma, ganyen gida da suke kira nederwiet ya ture hashishar Maroko daga kan gaba a shagunan, kuma kaso mai yawa na wannan ganye daga ɗakunan rufi na unguwannin talakawa yake fitowa, inda dillali zai zo wa magidancin da bashi ya yi wa katutu, ko matar da ke rainon 'ya'ya ita kaɗai, ya ce zai kawo kayan aiki ya haɗa, ita dai ta ba da ɗaki ta yi shiru, a raba riba. Idan asiri ya tonu, mai gidan ake kamawa, shi kamfanin lantarki ke bi bashin wutar da aka sata, shi ake kora daga gidan haya da iyalinsa, dillalin kuwa ko sunansa na gaskiya ba a sani ba.

Abin da 'yan sanda ke tararwa idan sun hau irin wannan ɗaki kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ƙaramar ƙofa ce a jikin silin, da tsani mai naɗewa; da an ɗaga ta sai hucin zafi da laima da wari mai kauri su bugi fuska. An lulluɓe bango da leda mai ƙyalli, an toshe taga ƙaf, fitilu suna rataye a jere a kan tukwane, wayoyin lantarki sun harɗe a jikin katako babu tsari, fankoki suna ruri dare da rana. A ƙasa, wajen mita, an yi haɗin sata domin kada lissafin wuta ya tona asiri, kuma wannan haɗi shi ne sanadin gobarar da ta cinye gidaje da yawa, har ta tsallaka ga maƙwabta, tun da yake gidajen a manne suke da juna, katakon rufinsu ɗaya. Inda gobara ba ta tashi ba, laima tana yin nata aikin a hankali: fumfuna ta baƙanta bangon ɗakin kwanan yara da ke ƙasa, silin ya jiƙe ya lotsa saboda nauyin ƙasa da durom na ruwa da ba don su aka gina shi ba, ginshiƙan da aka huda domin bututun iska su raunana.

Zafin nan shi ya zama babban mai tona asiri, har ya kai ga Kotun Ƙoli ta Amurka. Da tsakar daren wata rana a Janairun 1992, jami'an gwamnati suka tsaya a mota a kan titi a garin Florence na jihar Oregon, suka auna gidan wani mai suna Danny Kyllo da na'urar da ke ganin zafi, suka ga rufin garejinsa da bango ɗaya sun fi na maƙwabta ɗumi. Da wannan, haɗe da wasu bayanai, suka sami izinin bincike, suka tarar da shuka fiye da 100. A 2001 kotun ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa leƙa cikin gida da irin wannan na'ura bincike ne da ba ya halatta sai da izinin alƙali tun farko, ko da ƙafar jami'i ba ta taka ƙofar ba. Wannan hukunci ina ganin daidai ne, ko da yake wanda ya amfana da shi mai laifi ne, domin hurumin gida asali ne babba, shari'armu ma ta hana tajassusi, ta kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. A Turai kuwa wani lokaci ba a ma buƙatar na'ura. A Fabrairun 2015 'yan sandan garin Haarlem na Holan suka nuna hoton jerin gidaje da dusar ƙanƙara ta rufe rufinsu fari fat, sai guda ɗaya a tsakiya da tasa ta narke, da aka shiga kuwa aka sami gonar. Kafin nan, a 2010, an raba wa mazauna Rotterdam da Hague katuna 30,000 waɗanda in an kankare su suke ba da warin shukar, domin maƙwabci ya gane abin da ke fitowa daga gidan maƙwabcinsa.

Mafi ɗacin babi a wannan tarihi a Ingila aka rubuta shi. Daga farkon shekarun 2000 ƙungiyoyin masu laifi suka shiga kama hayar gidaje sukutum a unguwanni masu shiru, su mayar da kowane ɗaki gona tun daga ƙasa har rufi, mai ban ruwa kuwa sau da yawa yaro ne daga ƙauyukan Biyetnam, wanda aka yi fataucinsa da alkawarin aiki, aka ɗora wa iyayensa bashin kuɗin hanya da ba zai biyu ba, aka kulle shi a gidan shi kaɗai, katifa a ƙasan kicin, abinci a firji, ba ya jin harshen ƙasar, bai san ko sunan garin da yake ba. Idan an kai samame shi kaɗai ake samu, kuma shekaru da yawa shi ake gurfanarwa a matsayin manomin. A watan Mayu na 2009 aka kama wani irin wannan yaro ɗan shekara 15 a wani gida a Cambridge da shuka 420, aka yanke masa wata 20 a gidan tsare matasa, alhali hukumomin da ke tantance fataucin mutane sun nuna cewa shi abin zalunta ne. Sai a Fabrairun 2021 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa Ingila ta gaza kare shi da wani yaro mai irin wannan ƙaddara, ta saɓa wa haramcin bauta da aikin tilas, ta umarci a biya kowannensu Yuro 25,000. Masu cewa wiwi ganye ne kawai da ba ya cutar da kowa, haƙƙi ne a kansu su tsaya su dubi wannan yaro. Masu ganin kuma cewa tsananta hani kaɗai ya wadatar, su ma su dube shi, domin a inuwar hanin aka kulle shi, kuma hannun hukuma da ya isa gidan a kansa ya fara sauka.

Ita kanta shukar ba ta fito daga ɗakin rufi yadda ta shiga ba. Wanda fili ya yi masa kaɗan, haɗari ya yi masa yawa, dole ya nemi irin da zai ba shi ƙarfi mafi yawa a wuri mafi ƙanƙanta, haka aka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru. Cibiyar Trimbos ta Holan ta auna sinadarin THC, wanda shi ke bugarwa, a ganyen gida na shagunan ƙasar, ta ga ya tashi daga wajen kashi 9 cikin ɗari a 2000 zuwa wajen kashi 20 a 2004. A Amurka matsakaicin abin da aka kama ya tashi daga wajen kashi 4 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Likitar ƙwaƙwalwa Marta Di Forti da abokan aikinta sun bayyana a 2015 cewa a kudancin London masu shan wannan nau'i mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba sa sha sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali, a bincikensu na 2019 kuma suka ƙiyasta cewa rabin sababbin masu wannan ciwo a Amsterdam, da kusan kashi 30 cikin ɗari a London, ana iya danganta nasu da shi. Ga kuma hasarar wuta: wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa noman cikin ɗaki yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na dukan lantarkin Amurka, domin a samar da hasken da Allah Ya ba da shi kyauta a waje.

A 'yan shekarun nan waɗansu ƙasashe sun juya akala. Uruguwai ta yarda da shuka shida a gida a 2013, Kanada huɗu a yawancin lardunanta daga 2018, Jamus uku ga kowane baligi daga Afrilun 2024, ita Holan kuma ta fara gwajin noma mai lasisi a garuruwan Breda da Tilburg a ƙarshen 2023, kusan shekara hamsin bayan ta bar ƙofar bayan nan a buɗe. Amma halattawa ba ta mayar da shukar yadda take ba, domin irin da aka ƙera a ɓoye shi ne ya fito fili, kamfanoni suka gaje shi da fitilunsa, kasuwa kuma ta riga ta saba da ƙarfinsa.

Mu nan rana ba ta yi mana ƙaranci ba, don haka namu noman bai hau rufi ba, daji ya shiga: a kurmin Ondo da Edo da Delta da Osun ake sare itatuwan gandun gwamnati a shuka shi, duk da dokar soja ta 1966 wadda ta kai hukuncin nomansa har ga kisa kafin a sassauta ta, da hukumar NDLEA da aka kafa a 1989. Binciken da aka yi da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da mutum miliyan 10.6. Amma amfanin waccan gona ta ƙarƙashin fitila ya riga ya iso mana. Shi ne wanda samari ke kira Loud, wanda NDLEA ke yawan kamawa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Ikko, an cusa shi cikin motocin hannu da kwantenonin da suka taso daga Kanada, ana sayar da shi da tsada ninkin ba ninkin a kan na gida, daga can kuma ya bi manyan motoci ya hau Abuja da Kaduna da Kano.